Lamba Bakwai

A falon Baba mai shagon kafinta akwai kujera goma sha ɗaya, duk masu saye ne suka dawo da su. A kan wadda ta fi ɗingishi 'yarsa Auta ke karatu, tun da ta shiga ƙaramar kwalejin unguwa tana koyon kula da ma'aikata. Wata uku kacal ta yi, amma ko mai wanki ya zo sai ta tambaye shi ina takardar kama aikinsa.

Dogo, babban kafintan shagon, shi ke kai ta kwaleji a babur kullum da safe. Kowa ya san zancensu. Baba ma ya sani, sai dai ya ce bai ga yadda zai ba mutum albashi kuma ya ba shi 'ya ba.

Wata rana Malama ta ba su aiki: kowa ya auna ma'aikatan wani wuri, amma a cire sunaye a sa lambobi, kada son rai ya shiga. Baba da kansa ya kwafo mata rajistar zuwa aiki, ya sa lambobin, har da murmushi. Da tana da wayo, da murmushin nan ya ba ta tsoro.

Lamba Bakwai ya makara sau ashirin da biyu a wata ɗaya. Ta ɗauki jan biro ta rubuta: "A sallame shi." Ita ta zo ta ɗaya a aji.

Washegari Baba ya tara ma'aikata ya karanta musu takardar. Da yamma sai ga Dogo a ƙofar gida, akwatin kayan aikinsa ɗaure a bayan babur, a wurin zamanta.

"Ranki ya daɗe, ni ne Lamba Bakwai," in ji shi. "Kwalejinku ba a hanyar shago take ba."

Ta yi kuka har Mama ta gaji da rarrashi. Baba kuwa ya ɗaga kafaɗa: "Ni ban yi boko ba, 'yar nan. Masu ilimi suka yanke hukunci."

Darasin farko na zango na biyu shi ne, ba a korar ma'aikaci sai an ji ta bakinsa. Auta ta kifa kai a tebur, Malama ta zaci zazzaɓi ne.

Ba ta yi wa Baba tsiwa ba. Ta koma shiga bas, duk wata tana aika wa Dogo takardar ban haƙuri, shi kuma yana amsawa da layi ɗaya. Kujerun falo suka kai talatin, har Mama ta fara shanya a kansu.

Bayan shekara Baba ya ce, "Ke mai karatun ma'aikata, samo mini kafinta."

Ta ce to, amma duk mai neman aikin ya haɗa kujera, a sa lamba a ƙasanta, ba suna. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zama yana girgiza jiki. A kan wata ya kusa yin gyangyaɗi. Ya juya ta ya duba, sai ga lamba bakwai, aikin Dogo.

"Auta... wa ya sa lambobin nan?"

"A wurinka na koya, Baba."

Dogo ya koma shago, an kuma yi auren. Amma shekarar da suka rasa ba ta dawo ba, kuma har yau Dogo bai ƙara kai ta ko'ina da safe ba sai ya duba agogo. Ku masu biro a hannu, kafin ku ja wa mutum layi, ku tambaye shi daga ina yake.