Ranar da Baffa Chindo Ya Riƙe Lantana

Lantana na tankaɗe gari a tsakar gidansu a Gazawa sai ta ji muryar babanta, Malam Isaka, ta tashi daga zaure. Ba sai an gaya mata ko wane ne baƙon ba. Mutum ɗaya ne a garin yake sa Malam Isaka ya ɗaga murya haka, shi ne Ɗanbaba, mai ja wa 'yan Katolika addu'a duk Lahadin da Mompe, limaminsu, bai zo daga Maraɗi ba. Malam Isaka kuwa dattijo ne a majami'ar Furotesta. Kiristocin garin duka, in an tara su, ba za su cika motar kasuwa biyu ba, amma musun tsofaffin nan ya ishi birni guda.

Yau dai ba musu ne ya kawo Ɗanbaba ba. Goro ya kawo, yana nema wa ɗansa Auta aurenta, Auta mai gyaran moto, wato babur, a tasha, wanda take so tun suna lakol, makarantar boko. An gaisa lafiya lau. Da aka zo kan majami'ar da za a ɗaura auren, sai zance ya koma baya shekaru aru-aru. Malam Isaka ya ce ba zai kai 'yarsa inda ake durƙusa wa mutum-mutumi ba. Ɗanbaba ya ce su tun zamanin manzanni suke, Furotesta kuwa jiya-jiya wani Bajamushe ya yi fushi ya ɓalle da su. Cikinsu babu wanda ya taɓa wuce Yamai, amma sai ka rantse a gaban idonsu aka yi. Goro ya koma a bayan keke yadda ya zo.

Lantana ta sha kuka har ta rame. Auta ya tare ta a hanyar famfo, ya ce su je meri, ofishin magajin gari, a ɗaura musu kawai, kowa ya ji daga baya. Ta girgiza kai.

"Ina son ka, Auta, Allah ya sani. Amma ba ni shiga ɗakinka Baba na hushi da ni."

Haka ta daure har damina ta wuce. Da ta ga babu alamar sauƙi, ran kasuwar Gangara ta hau moto ta tafi can wurin Baffa Chindo, yayan babanta. Musulmi ne kamar sauran dangi, kuma tun ran suna aka ba shi ita, don haka bisa al'ada shi ne mai ba da aurenta. Ya saurare ta yana murza gemu, sannan ya aika a kira masa tsofaffin biyu.

Suka zo washegari, kowa da littafinsa a hammata. Lantana ta laɓe a bayan zana. Tun hantsi suke zuba, wannan ya kushe, wancan ya rama. Baffa ya tashi ya yi azahar, ya dawo ya tarar ko numfashi ba su ja ba. Sai ya ɗaga hannu.

"To, na jiya. Isaka, ka ce gidansu ɓata ne. Ɗanbaba, ka ce nasu ba shi da tushe. Ku dattawa ne, ba ku ƙarya, na yarda da ku duka biyu. Ɗiyata kuwa ba ni kai ta gidan ɓata, ba ni barin ta gida marar tushe. Ta zamna nan wurina. Aure babu, komawa Gazawa babu."

Lantana ta zo neman miji, ga shi za ta rasa miji da gidan uba a rana ɗaya.

Malam Isaka ya yi gyaran murya. Ya ce ai shi bai ce ɓata ƙwarai ba. A shekarar sanƙarau, in ji shi, masera, wato sistoci 'yan Katolika ne suka yi jinyar matarsa har ta tashi, ba su ko tambaye shi majami'arsa ba, kuma Yesun da yake kira shi suke kira. Ɗanbaba ya karɓe, ya ce kada Baffa ya ɗauki zancen tushe da nauyi: Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hammatarsa yawanci wahalar Furotesta ce, kuma duk ranar da matan Furotesta ke waƙar zumunta, sarƙar kekensa takan faɗi daidai tagar majami'arsu. Malam Isaka ya ce ina, a taimakon marasa lafiya Katolika sun fi. Ɗanbaba ya ce ƙarya ne, a karatu Furotesta sun fi. Kafin ka ce me, musu ya sake kaurewa, kowa na rantsuwa gidan ɗan'uwansa ya fi nasa. Dariya ta ƙwace wa Lantana tana hawaye.

Baffa bai yi dariya ba.

"Ashe kun san haka, kuka bar yarinya ta yi damina guda tana kuka?"

Malam Isaka ya sunkuyar da kai, sannan ya kira sunan Lantana. Ta fito ta durƙusa.

"Ɗiyata, mu muka yi gardama, ke kika ɗauki kayan. Ki yi haƙuri. Auta naki ne."

Bayan girbi aka yi biki a ƙarƙashin babbar rumfa, don babu majami'ar da za ta ɗauki jama'ar. Mompe ya ɗaura, fasto ya yi wa'azi, mutanen Gangara suka zo amalanke-amalanke, mata suka yi guɗa har muryarsu ta dushe. Lantana ta shiga ɗakinta da albarkar iyaye uku, abin da ba za ta samu ba da ta bi ta meri a ɓoye. Haƙurinta ya biya ta. Iyaye kuma su ji: bambanci yana nan, in za a yi musu a yi, amma kada a ɗora shi a kan 'ya'ya.