Ramin da Nijaz Ya Toshe

Ana dab da magariba aka fara ƙwanƙwasawa. Fikreta tana kicin tana murza ƙullin fulawa, 'yarta Nejra kuma tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda babanta Nijaz ya gama gyara mata a makon. Sautin ba daga ƙofa yake zuwa ba. Daga ƙarƙashin sabuwar ledar daɓe yake tasowa, a hankali, kamar da ɗan yatsan yaro.

Ledar nan an sha gardama a kanta. A kantin kayan gini a St. Louis, garin da suke zaune a Amurka, an nuna wa Nijaz da Fikreta iri biyu, falle-falle masu zanen katako: wadda ake sarƙa bakinta da juna, a ɗaga in an so, da wadda ake liƙewa da gam.

"Ɗauki ta ɗagawa," in ji Fikreta. "Akwai magudanar ruwa a tsakiyar ɗakin."

"Ramin da ko ɗigo bai taɓa sha ba? Ke dai zaɓi launi, ki bar gwani da aikinsa."

"Gwanin da ya gyara famfo muka yi iyo a falo?"

Ya yi dariya, ya sayi ta gam. Da ya taso daga aiki, rana na faɗuwa, ya dama siminti ya ɗura a ramin. Bai yi bisimilla ba, bai nemi izinin mutanen ɓoye ba, alhali marigayiya mahaifiyarsa tun a Bosniya ko ruwan zafi ba ta zubawa a rami sai ta nema.

Daga ranar, kowace magariba ɓarɓashin siminti ke faɗowa a matakala. Nejra ta daina cin abinci. Takan kwanta ta kafa kunne a ƙasa, tana ƙwaƙular gaɓar ledar har faratanta suka yi jini. Likita ya duba bai ga komai ba.

Sai aka ɗauko Efendi Rasim, tsohon limaminsu. Ya zauna a gefen Nejra ya daɗe yana karatu. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata mata ta fito, a dushe.

"Ƙofata aka rufe. Ina waje a lokacin. Ɗana yana ciki."

"Ki fita daga jikinta, mu buɗe," in ji Efendi.

"Ku buɗe in fita. Hannunta na ara. Abin nan ruwa ba ya ratsa shi, iska ba ta ratsa shi. Wa ya zaɓe shi?"

"Ni ne," in ji Nijaz, kansa a ƙasa.

"Kuskure ne, baiwar Allah," in ji Efendi. "Ki rantse ba za ki taɓa ranta ba, ko me kika tarar."

"Na rantse. Amma ban ce zan tafi hannu rabbana ba."

Nijaz ya durƙusa da kurfi da guduma. Gam ya kama yadda mai kanti ya yi alkawari. Ledar ba ta ɗagowa, sai dai ta yage ɗan mitsi-mitsi. Fikreta tana tsaye da fitila, ba ta tuna masa komai ba. Ƙwanƙwasar tana ja baya, tana yin nisa tsakani. Kafin ya kai ga simintin, ƙwanƙwasar ta tsaya.

Da ramin ya buɗe, wani sanyi mai warin laima ya taso. Nejra ta sunkuya kansa ta yi wani siririn kuka wanda ba nata ba, sannan ta kife.

Ta farfaɗo bayan isha. Ta rungume uwarta, ta nemi ruwa, ta gaida Efendi da sunansa. Sai ta dubi mutumin da ke durƙushe, hannuwansa duk jini da gam.

"Mama, wane ne wannan?"

Nejra ta warke, ta koma makaranta. An shimfiɗa leda ta ɗagawa, an bar bakin ramin a buɗe. Har yau in Nijaz ya dawo daga aiki takan miƙe da ladabi, ta kawo masa gahawa, ta tambaye shi ko zai jira maigidan ya dawo.