Mazaɓar Miji

Ranar da Sista ta shiga ofishin jam'iyya karɓar fom ɗin takarar kansila, ba ta tarar da kowa ba sai akawu, wani siririn saurayi mai tabarau, yana fama da firintar da ta girme shi. Ungozoma ce a asibitin mazaɓa ta bakwai, inda famfo ya shekara uku bai ɗiga ba, kuma ta gaji da rubuta wa kansila takardun koke.

Yana karanto tambayoyi tana amsawa, har suka zo layi na tara.

"Kina da aure?"

"Fom ne ke tambaya, ko kai?"

Ya gyara zaman tabarau. "Fom ne, ranki ya daɗe. Amma ni ma zan saurari amsar."

Daga ranar ya soma gano kurakurai a takardunta, irin waɗanda ba sa gyaruwa sai ya taka har asibiti da kansa. Yana kiranta Onarabul, tana kiransa Akawuna.

Kansila mai ci bai ɓata lokacinsa kan maganar famfo ba. Magoya bayansa suka bi kasuwa suna tambaya: macen da ta doshi talatin ba miji, kullum ana ganinta da wani, wa zai ba ta amanar unguwa? Aka wayi gari an rubuta kalma ɗaya a kan fastocinta da ke jikin bango, kalmar da ba ta maimaituwa.

Akawu ya ɗauke ƙafa kwana tara. Da abin ya ishe ta, ta tura masa saƙo:

"Akawuna, in kai ma ka yarda da abin da ke jikin bango, ka faɗa mini. Na saba da mummunan labari, aikina ne."

Amsa ta zo nan take:

"Onarabul, zuwana ne ya jawo miki. Na ce in nisanta ko bakinsu zai mutu. Wallahi tun ranar ban buga layi ɗaya daidai ba."

Mahaifinta, tsohon direba, da farko ko sunan akawu ba ya son ji. Daga baya ya tara su a falo.

"Ko a ɗaura aure makon nan, ko ta janye. Na gaji da wucewa ta gaban bangon nan kaina a ƙasa."

Akawu ya ce, "Baba, akwai sashe na sha huɗu a dokar jam'iyya. Matar aure a mazaɓar mijinta take takara. Ni ɗan mazaɓa ta takwas ne."

"To ka dawo ta bakwai mana! Titi ɗaya ne fa tsakani."

"Sai na zauna wata shida kafin a lissafa da ni, Baba. Zaɓe saura mako biyar."

Lallai masu tsara dokar sun yi aiki mai tsafta. In ta zauna ba aure, ba ta cancanta ba a bakin mutane. In ta yi, ba ta cancanta ba a takarda.

Sista ta dubi mahaifinta, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa cikin mako biyu.

"Tunda duk ƙofofin nan waje suke kaiwa, Baba, zan fita ta wadda Akawuna yake tsaye."

Aka ɗaura aure ranar Asabar. Litinin da safe ciyaman na jam'iyya ya taya ango murna, sannan ya miƙa masa aikin farko: wasiƙar cire sunan 'yar takarar mazaɓa ta bakwai. Ofishin ba shi da wani akawun. Ya buga kwafi uku, ya kai mata wasiƙar gida da hannunsa.

Tsakar gida cike take da matan da ta karɓi haihuwarsu, kowace da goyo, sun zo ganin amarya. Ta ja shi ɗaki, ta karanta wasiƙar sau biyu a tsaye.

"Ba kuskure ko ɗaya," in ji ta. "Ina zan sa hannu cewa na karɓa?"

Ya nuna mata wurin. Ta sa hannu, ta rubuta kwanan wata, ta zare masa tabarau ta goge da bakin mayafinta.

Daga waje muryar gwaggonta ta taso: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka!" Mata suka amsa da amin.

"Share idonka, Akawuna," ta ce a hankali. "Mu je mu amsa. Wannan dai tamu ce, babu sashen da ya hana."