Sunan da Mma Azeta Ta Bayar

A shekarun da sojojin da suka je yaƙin Bama suka fara dawowa gida, akwai wata tsohuwa a zangon Tamale da ake kira Mma Azeta. Mijinta, Issahaku, bafatake ne mai kai shanu kudu yana dawowa da goro. A hanyar Salaga ya rasu, a can aka binne shi, ko kabarinsa ba ta gani ba. Duk zaman da suka yi, bakinta bai taɓa furta sunansa ba, saboda kunya irin ta matan da. Maigida take ce masa yana raye, Maigida take ce masa bayan ƙasa ta rufe shi.

Ɗansu ɗaya ne ya rayu, Tahidu, tela a bakin kasuwa. Da matarsa Fusena ta haifi namiji a tsakiyar damina, ruwa ya riga ya yanke hanyar garin iyayenta, sai jego ya faɗo hannun Mma Azeta. Ita ke hura wuta, ita ke dama kunun kanwa, ita ke yi wa mai jego wanka da ruwan zafi safe da yamma, tana yi tana ƙananan waƙoƙi kamar yarinya. Fusena ta ɗan taɓa maganar sunan mahaifinta, Mutari, amma tsohuwar ta kashe zancen.

"Wannan ba abin shawara ba ne, 'yata. Maigida ne ya dawo gidansa."

Fusena ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Mma."

Ranar da abin ya fara, yammacin bai bambanta da sauran ba. Hadari ya taso daga gabas, iska tana kwashe ganye, zabi suna neman makwanci. An gama wanka, ruwa ya rage a gindin tukunya yana tafasa. Mma Azeta tana sauri kada ruwan sama ya tarar da itacenta a waje, ta kamfaci ruwan da ƙwarya, ta watsa shi ta saman katangar baya, inda wani kango yake da tsohon kututturen ɗorawa. Ladan yana cikin kiran magariba. Bismillar da ta saba yi tun tana budurwa, ranar ba ta zo bakinta ba.

Ta ji wata 'yar ƙara siririya, kamar ta ɗan kyanwa da aka taka. Daga nan kwaɗin da suka cika unguwa da kuka suka yi tsit, iskar ma ta tsaya. Ta daɗe a wurin da ƙwarya a hannu. Sai ta koma ta kwashe itacen, ba ta faɗa wa kowa ba.

Washegari da magariba dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin mai jego. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wannan, a hankali, ba irin jifan yara ba. Tahidu ya fita da sanda, maƙwabcinsu Wumpini ya zagaya kangon da fitila, ba su ga ko sawun kaza ba. Mma Azeta ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun da suka gangaro tsakar gida, ta yar da shi da sauri. Da zafi yake, kamar daga murhu aka ciro shi.

Daga ranar Fusena ta canza. Ta daina taɓa kunu. In an kawo ruwan wanka sai ta maƙure a kusurwar ɗaki tana rawar jiki. Jaririn kuwa ta ƙi yarda kowa ya karɓe shi, tana rungume da shi tana yi masa wata waƙar reno da ba wanda ya taɓa ji, da wata murya mai kauri da ba tata ba. Ɗakin yana warin ƙuna, alhali ba abin da ya ƙone. Matan unguwa da ke zuwa barka suka fara tsayawa daga bakin ƙofa, daga baya suka ɗauke ƙafa.

Ana jibi suna, rana ta faɗi, Mma Azeta ta fito daga alwala ta ga ɗakin a buɗe. Ta waiga. Fusena na tsaye a gindin katangar baya, ta yi ɗage, ta ɗaga jaririn sama da hannu biyu kamar mai miƙa wa wani kaya. Tsohuwar ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta fizge yaron ta manna shi a ƙirjinta.

Fusena ta juyo a hankali. Idanunta a buɗe, amma ba kowa a cikinsu.

"Naki yana shan nono," in ji muryar. "Nawa ruwan zafi ya sha."

Tahidu ya shigo ya tarar da Mma Azeta zaune a gindin katangar. A nan ƙasa, cikin taɓo, ta faɗa wa ɗanta abin da ta yi. Da gari ya waye Tahidu ya kama hanyar Choggu, wajen Malam Zubeiru, wanda mutanen gari ke kira Afa.

Suka iso bayan la'asar. Malamin dattijo ne siriri mai guntun gemu, ba ya ɗaga murya. Ya zagaya gidan, ya tsaya a gindin katangar, sannan ya ce a jira magariba, tunda lokacin ne mai abin ke zuwa. A zaure ragon suna na ɗaure, goro na cikin ganye, an riga an aika wa wanzami da liman. Sai dai gidan ba ya kama da gidan da za a yi suna gobe.

Da aka idar da salla, suka shiga ɗakin. Tahidu ya riƙe kafaɗun matarsa. Mma Azeta ta zauna a bakin ƙofa da jariri a cinyarta. Malam ya zuba turare a kasko, ya fara karatu, yana yi yana tofawa. Dutse ya faɗo a kan kwano, bai ɗaga kai ba. Hasken fitila ya ƙanƙance har ya koma kamar ƙwayar gero. Can Fusena ta miƙe zaune, ta ture hannun mijinta kamar an kaɗe ƙuda.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, an riga an ƙona ni."

Hausar Fusena irin ta zango ce, mai gauraye da yaren kudu. Wannan kuwa tsohuwar Hausa ce, irin wadda Mma Azeta ta ji a bakin fatake tana yarinya.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciyarsu. Ina gindin ɗorawar nan tun ba a kafa tubalin gidan nan ba. Ban taɓa kashe musu ko ɗan tsako ba. Rana ɗaya muka haihu da yarinyar nan. Na fito da nawa shan iska, na kwantar da shi, na juya."

Muryar ta tsaya.

Malam ya ce, "Me kike nema?"

"Ɗa a madadin ɗa."

Mma Azeta ta ƙara matse yaron har ya yi ɗan kuka.

"Kina salla?" in ji Malam.

"Ina yi."

"To kin san hukuncin. Ba da gangan aka yi ba, kuma kisan kuskure ba a biyansa da rai. Yaron nan bai zuba ruwa ba, uwarsa ma ba ta zuba ba. In kika taɓa ɗayansu, kin tashi daga wadda aka zalunta kin koma azzaluma, ni kuma ba zan daina karatun nan ba har asuba. Ki faɗi diyya."

"Me zan yi da ragonku? Me zan yi da zanenku?"

Malam ya ci gaba da karatu. Jikin Fusena ya dinga karkarwa, hawaye na zuba daga idanun da ba sa ƙiftawa. Abin da ya fi tsorata Mma Azeta shi ne, kukan ba na mugunta ba ne. Ta san irinsa. Ta binne 'ya'ya kafin Tahidu.

"Tsaya," in ji muryar, a gajiye. "Nawa ya tafi ba a raɗa masa suna ba. In kuka ya taso mini, ban san abin da zan kira ba. A ba ni sunan da aka tanadar wa wannan. Ya zama na ɗana. Kada a sake sa wa kowa shi a gidan nan, ko jika ko tattaɓa-kunne."

"Sunaye suna da yawa," in ji Malam. "Zan zaɓa miki mai kyau."

"Wannan nake so. Na ji yadda tsohuwar nan take lallaɓa shi a zuciyarta. Wadda ta zuba ruwan, abin da ya fi mata daraja za ta bayar. Kuma da bakinta za ta miƙo shi."

Malam ya juyo ya dubi tsohuwar. "Mma, ba zan tilasta miki ba. In kin ƙi, zan ci gaba, Allah ne mai iko. Amma yarinyar nan jini ɗanye ne a jikinta, ban san iya abin da za ta ɗauka ba."

Mma Azeta ta dubi Fusena, wadda ta rame cikin 'yan kwanakin nan har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Ta dubi fuskar yaron. Tun ranar da aka haife shi take ganin goshin Maigida a wurin, tana shirya yadda za ta riƙa tsokanarsa tana ce masa mijinta, tana tambayarsa kuɗin cefane. Ta buɗe baki, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Tahidu ya kau da kai, don bai taɓa jin abin da zai ji ba.

"Issahaku," ta ce. "Na ba ki. Ki yafe mini."

"Ki rantse da Wanda ya halicce mu ya halicce ku," in ji Malam, "ba ke ba yarinyar nan, ba ke ba yaron nan."

"Na rantse. Yafiya kuwa, sai na gani."

Fusena ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin mijinta. Hasken fitila ya dawo. A waje kwaɗi suka ɗauki kukansu. Bayan wani lokaci ta buɗe ido, ta ce da 'yar muryarta ta kullum, "Mma, ina yaro? Yunwa nake ji."

Da safe liman ya raɗa wa yaro suna Mutari. Tsofaffin abokan marigayi da suka zo da shirin jin sunan amininsu suka dubi juna, wani ya tambayi Tahidu, shi kuwa ya ce haka Allah ya nufa. Aka yanka rago, wanzami ya yi aski, aka raba goro. Mma Azeta ta yi ta hidima da baƙi, ba wanda ya ga hawayenta.

Jifa bai sake faɗowa ba. Fusena ta murmure, yaro ya yi ƙiba, ya fara rarrafe. Sai dai wani lokaci, in rana ta faɗi unguwa ta yi shiru, Mma Azeta takan ji muryar mace daga bayan katanga tana kiran sunan a hankali, tana jan ƙarshensa kamar yadda uwa ke yi. Ta saba da abin har ya daina firgita ta. Takan ma yi wa matar addu'a a zuciyarta.

Wata magariba, damina ta sake zagayowa, tana zaune ita kaɗai tana tsince shinkafa, ta ji an yi kiran. Shiru ya biyo baya kamar kullum. Sai aka amsa.

"Na'am."

Ba muryar jariri ba ce. Murya ce ta babban mutum, mai ɗan dishi-dishi irin na wanda ya sha tafiya, kuma Mma Azeta ta san ta kamar yadda ta san tafin hannunta. Faifan ya zame daga cinyarta, shinkafa ta watse a ƙasa. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure. Ba ta faɗa wa Tahidu ba, ba ta koma wajen Malam ba. Amma har ta koma ga Mahaliccinta, magariba ba ta sake riskarta a tsakar gida ba.