Fanka ko Ruwa, Raliya?

A cikin taksin Agiye zuwa Maraɗi suka fara haɗuwa, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa da rana. Raliya ta shigo rungume da akwatin kwamfuta, ta naɗe shi da zane. Direba ya ce a ɗaure shi saman mota tare da buhunan aya. Ta ce sai dai a ɗaure ta ita.

Saurayin da ke jikin taga ya yi murmushi, ya takure ya ba ta wuri.

"Jaririn nan naki mi ya same shi?" ya tambaya. Daga jin harshensa ta san Bagobiri ne.

"Zazzaɓi," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. "Da na ba shi aiki mai nauyi sai ya suma."

Dariyar da ya yi ce ta sa ta juyo. Dogo ne baƙi, mai fararen haƙora, idonsa kamar kullum yana shirin tsokana. Ya ce sunansa Mas'ud, malamin kwamfuta ne a lakol, wato makarantar boko, a Gidan Rumji, daga ziyarar wani aboki yake.

Raliya kuwa sana'arta haɗa bidiyon biki a wani ɗan shago kusa da kasuwar Agiye. A bana ta samu aikin da ya fi kowanne: ƙungiyar mata manoman aya na Gazawa sun ɗauke ta ta yi musu fim, wanda za a nuna ranar buɗe sabon ɗakin ajiyarsu, gaban manyan masu sayen aya. Ta bi matan gona, ta bi su masussuka, ta ɗauki komai. Amma duk lokacin da ta zo fitar da fim ɗin, sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ɗau zafi ta kashe kanta.

"'Yar fankar da ta zo da ita ta yi kaɗan," in ji Mas'ud da ya gama jin bayaninta. "Ki sa mata mai sanyayawa na ruwa. Ruwa ya fi iska saurin kwasar zahi, kuma ba ƙara."

"Shi ruwan wa ke sanyaya shi? Ba fanka ba ce dai a ƙarshe? In famfon ya mutu, wa zai gyara mini a Agiye? In tiyon ya yi yoyo a kan kayana fa?"

"Na zamani ba su cika yoyo ba."

"Ba su cika ba. Ni kuwa kwamfuta ɗaya gare ni, Malam."

Har suka shiga Maraɗi ba wanda ya sauko. A shagon kayan kwamfuta aka ce babu babbar fanka, babu na ruwa, sai an yo saƙo daga Kano. Mai shago ya share mata ƙura, ya canza man da ake shafa wa furosesa, ya ce ta je ta yi shawara. A bakin tasha Mas'ud ya nemi lambarta, wai don ya ji yadda mara lafiya ya kwana.

Tun ba ta isa gida ba saƙo ya shigo.

*"Maman Jariri, kin sauka lafiya? Ki yi tunani kan maganar ruwa. Ni ma tun da muka rabu zahi nike ji."*

Ta karanta ta sake karantawa, tana murmushi ita kaɗai.

*"Malam Ruwa, na sauka lafiya. Zafinka kuma sai ka nemi mafici."*

Daga nan saƙo bai yanke ba. Ya turo mata bayanin na ruwa, ta turo masa na fanka mai dogon ƙarfe kamar hasumiya. Sannu a hankali gardamar ta zama hujjar gaisuwa. Ya san lokacin da take buɗe shago, ta san ranar da ɗalibai suka ba shi haushi. Ranar hutu ya kan hau mota tun daga Gidan Rumji, ya zo su zauna a ƙofar gida, goggonta Balkisu na tankaɗe daga zaure tana jin su.

"Raliya," ya ce wata la'asar, murya ƙasa ƙasa, "ni fa ba jaririn nike zuwa dubawa ba."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Na sani. Ai ko sau ɗaya ba ka tambayi jikinsa ba yau."

"In turo magabatana?"

"Ka turo," ta ce, ta tashi da sauri ta shige gida.

Sai dai mahaifinta, Malam Sule dillalin aya, bai ji daɗin zancen ba. Ita kaɗai ce 'yarsa mace, sunan mahaifiyarsa ya sa mata, kuma tun rasuwar matarsa ita ce hasken gidan.

"Uwata," ya ce, "ban ga aibun yaron ba. Amma Gidan Rumji? Ki tsallake Maraɗi ki bar ni? Shagon da kika gina da guminki kuma ki rufe? Ga Usman nan a gari, ɗan aminina, in na yi tari kin ji."

Usman mai shagon wayoyi ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye. Da ya ji labarin kwamfutar, bai tambayi kowa ba ya yo saƙon mai sanyayawa na ruwa, mai fitilu ja da shuɗi, ya kawo har shago ya dire a kan tebur. Raliya ta ce ya ɗauki kayansa. Ya ce kyauta ba ta komawa, ya fice. Ta bar kwalin a wurin da nufin Goggo Balkisu ta mayar masa cikin mutunci.

Da tsautsayi, a ranar Mas'ud ya zo. Ya dubi kwalin, ya ga sunan shagon Usman manne a jiki. Fuskarsa ta canza.

"Ashe ba ruwan kika ƙi ba," ya ce a hankali. "Mai kawo shi kike zaɓe."

Maganar ta soke ta. Ta so ta yi bayani, zuciya ta hana. "In haka ka ɗauke ni, hanyar Gidan Rumji a buɗe take."

Ya tafi. Waya ta yi shiru. Raliya ta kan ɗauko ta ta duba, ta kife ta, ta sake ɗaukowa. Ga ranar matan Gazawa tana matsowa, ga fim bai fita ba.

Goggo Balkisu ce ta gaji da ganin ta haka. "'Yar nan, kuka ba ya fitar da fim. Ki yanke abin da ya fi miki, a kwamfutar da ma wancan zancen."

Washegari goggon ta yafa mayafi ta mayar wa Usman kwalinsa, tare da godiya da ba shi haƙuri. Raliya kuma ta kira mai shagon Maraɗi ta ce a kawo mata babbar fankar. Da fankar ta iso, Raliya ta auna ta ga ta shiga akwatin da ƙyar. Da hannunta ta kwance tsohuwar, ta goge furosesa, ta ɗiga mai, ta ɗaure sabuwar kusurwa bayan kusurwa. Ta yi bisimilla ta fara fitar da fim ɗin, a tsakar rana, zufa na zuba mata. Ta zuba wa allo ido. Kwamfutar ta yi ta huci, ta wuce inda ta saba suma, ta ci gaba, har ta kai ƙarshe.

Guɗar da Raliya ta yi sai da masu shagunan maƙwabta suka leƙo.

Ta ɗauki hoton fankar a cikin akwati ta tura masa.

*"Malam Ruwa, ga wadda na zaɓa. Kwalin da ka gani ya koma wa mai shi. Ban taɓa karɓa ba, kai ne ba ka tambaya ba."*

Amsa ta zo nan take.

*"Na yi kuskure, sanyin idona. Kishi ya rufe mini ido. Ki yafe mini. Fankarki ta yi nasara, ni kuma na miƙa wuya."*

*"Na yafe. Amma na ruwan ma ba laifi gare shi ba, shagona ne bai dace da shi ba. Ka zo Gazawa ranar taro."*

Ranar taro an cika rumfa maƙil. Da matan suka ga kansu a farin ƙyalle suna tonon aya, suna wanki, suna shanya, sai guɗa ta kaure. Shugabarsu, Adama, ta rungume Raliya tana hawaye. Masu sayen aya daga Maraɗi suka yi layi suna neman magana da ƙungiyar. Malam Sule na zaune a gaba, sai gyara hula yake yana gaya wa na kusa da shi, "'Yata ce ta yi."

Bayan an watse Mas'ud ya zo ya durƙusa gabansa.

"Baba, na nemi a mayar da aikina lakol ta Agiye, kuma an amince. Ba zan raba ku da ita ba. Shagonta kuma, ko ita ta ce za ta rufe, sai mun yi gardama."

Dattijon ya dafa kafaɗarsa. "Tashi, ɗana. Ka ce wa manyanka ina jiransu."

Bayan an sha ruwan damina, amfanin gona ya shigo gida, aka ɗaura aure. Gobirawa suka zo mota-mota daga Gidan Rumji da makaɗansu, mutanen Agiye suka tarbe su da fura da tsokana. Amarya ta sha lalle, an lulluɓe ta, kowa na cewa kunya ta hana ta motsi. Can sai aka ji murya daga ƙarƙashin mayafi tana ce wa mai ɗaukar hoto, "Kai, ka ba rana baya, za ka ɓata mini fim."

Gida ya ɗauki dariya, ango ya fi kowa.

Da za a fita da ita, Malam Sule ya riƙe hannunta. "Uwata, kin faranta mini, Allah Ya faranta miki. Ku zauna da gaskiya, ku riƙa tambayar juna kafin fushi. Allah Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.