Zoben Robar da Ɗalha Ya Ɗaure

Ana shirin kiran magariba Ɗalha ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe a jikin tsohon injin kwale-kwalen mahaifinsa. Injin ya shekara da shekaru jingine a bakin tabki, ruwa na shiga ta gindin farfela inda zoben roba ya ruɓe, har man ciki ya koma fari kamar nono. Masunta ba sa rufe cikin inji sai a bakin ruwa, da rana, bayan sun yi sallama ga duk wanda ya fake a ciki. Ɗalha kuwa a garejin Ƙonni ya koyi aiki, kuma mutum ne da ba a gaya masa. Ya ɗauko injin a amalanke har tsakar gidansa a Malbaza, ya tsiyaye abin da ya tsiyayu, ya buga sabon zobe, ya matse.

Bai gama wanke hannu ba dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo. Matarsa Hamdiyya ta ɗauki ɗaya ta yar da sauri, domin jiƙe yake sharkaf, ga gansakuka a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka.

Daga ranar 'yarsu Bushira ta daina shan ruwa. In an kai moɗa bakinta sai haƙora su datse. Leɓɓanta suka tsage, idanu suka faɗa, kullum almuru sai ta rarrafa ta kwanta kusa da injin, kunnenta a jikin ƙarfe. A gidan likita aka ɗaura mata ruwa, jijiya ta ƙi karɓa. Abin tausayi, uwar ma ta koma kurɓar ruwa a ɓoye don kunyar 'yarta.

Aka ɗauko Malam Sharifu daga Tajaye, tsoho mai ƙaramar murya. Ya zauna wajen kan Bushira yana karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can yarinyar ta tashi zaune, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta.

"Malam, bar ƙona ni. Ba da kai nike ba."

"Wace ce ke, kuma mi yarinyag ga ta yi miki?"

"Ni uwa ce, gidana tabki. Ɗana na kwana cikin ƙarhen ga, shina shiga ta inda ruwa ka shiga. Wanga mutum ya ruhe mai ƙohwa, ko sallama babu. Ɗana bai sha ba, ɗiyatai ba ta sha."

Ɗalha ya buɗe baki zai yi gardama, Malam ya dube shi, ya rufe.

"Hita ki bar ta, a buɗe miki," in ji Malam.

"Ni hita, in jira bakin ruwa. Amma maƙoshinta na hannuna. Shi kai ƙarhen da kainai, shi buɗe, shi bar shi can. In ɗana ya hito da rai, ta sha. In ko ya mutu, mun yi musaya."

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta. Bushira ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube.

Da hantsi Ɗalha ya tsuguna a bakin tabki, ya yi sallamar da ya raina. Ya cire farfela, ya sa tsinken ƙarfe ya farke zoben da ya yi alfahari da shi. Mai ya zubo, sai ɗan ruwa baƙi da bai cika cokali ba ya gangara cikin tabkin. Ya zuba ido. Ko motsi ruwan bai yi ba.

Ya koro jakinsa da amalanke wayam, bai san ko mai rai ya saki ko gawa ba. A ƙofar gida ya kasa shiga. Tsoro yake ji ƙwarai, ya tsaya yana sauraron ko za a fasa kuka.

Can sai ya ji moɗa ta bugi bakin randa, ya ji Hamdiyya tana cewa, "A hankali, ɗiyata, kar ki shaƙe."