Mushe Ya Koma Koyon Baƙi

Latifa na tankaɗe garin gero a tsakar gidansu da ke Agiye sai ga mahaifiyarta, Inna Shatu, ta yi sallama. Daga Gidan Rumji ta taso, ko ruwa ba ta sha ba ta ce:

— Haɗa kayanki, tare za mu koma!

— Inna, mi ya yi zafi haka?

— Malamin lakol da ba ya iya karatu, da mi zai riƙe ki? Kuma na ji har kuran, wutar lantarki, za a jona masa a kai. Ni ba zan bar ɗiyata ta ƙare kuruciyarta a jinya ba!

Abdurrahaman, mijin Latifa, wanda yara a lakol, makarantar boko, ke kira Mushe, wato malam, yana cikin ɗaki yana jin kome. Bara hawan jini ya kayar da shi a gaban ɗalibansa. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma karatu ya tafi. Abin da ya fi ba Latifa mamaki, yakan ɗauki alli ya rubuta sunanta tsaf, in ta ce ya karanta sai ya yi ta kallo kamar baƙon rubutu. Har Alƙur'ani, da ka yake biyawa, shafin kuwa ya gagare shi.

Ya fito ya durƙusa.

— Inna, gaskiyarki ne. In Latifa na son tafiya, ba zan tsare ta ba.

Hawaye suka zubo wa Latifa.

— Ina za ni? Inna, don Allah ki bari mu ga likitan nan tukuna. Ni so nake in san inda karatun ya maƙale.

Inna ta ja tsaki, ta ɗauki jakarta ta tafi ko sallama babu.

Ranar da aka ba su suka hau taksi zuwa Maradi. Likitar, Madam Salima, ta fito da ɗan akwati mai batir da soso biyu da ta jiƙa da ruwan gishiri. Latifa ta matso.

— Madam, wannan ne kuran ɗin? Ba zai ƙone masa ƙwaƙwalwa ba?

Likitar ta yi dariya.

— Ɗan kaɗan ne ƙwarai. Idon maigidanki lafiya lau, hannunsa ma ya san rubutu. Hanyar da ke kai abin da ido ya gani zuwa wurin da kalmomi suke, ita ce ta lalace. Na'urar tana ɗan zaburar da ƙwaƙwalwa ne yayin da muke karatu.

— To in an sa ta kullum, sai ya warke?

— A'a. Ita kaɗai ba ta koya wa kowa kome, sai da aikin karatun. Kuma har yanzu bincike ake yi, wani ta taimaka masa, wani ba sosai ba.

Aka ɗaura masa soson a kai.

— Mi kake ji? in ji Latifa.

— Kamar tururuwa na yawo a kaina.

Madam Salima ta nuna masa harafi, ya kasa. Ta ce ya bi shi da yatsa. Yana kai ƙarshen zanen ya ce da ƙarfi:

— Ba! Wallahi ba ne!

Haka suka yi ta zirga-zirga. A gida Latifa ta barbaɗa rairayi a faifai, yana zana harafi yana faɗa. Wata rana ya ture faifan ya ce ya gaji da zama ɗan aji ɗaya. Ta tattara rairayin, washegari ta sake ajiye masa. Inna kuwa ta daina ɗaukar wayarta, wannan ya fi kome ci wa Latifa rai.

Damina ta wuce, aka yi girbi, Latifa ta haihu. Dole Inna Shatu ta zo wankan jego, tana aiki fuska a ɗaure.

Wata rana da hantsi tana hura wuta sai ta ji murya daga rumfa, a hankali, ana tsayawa ana ci gaba. Ta leƙa. Abdurrahaman ne da Alƙur'ani buɗe a cinya, yatsansa a kan layi. Ya yi kuskure, ya koma ya duba, ya gyara da kansa.

— Hadda ce yake biyawa? ta tambayi Latifa ƙasa-ƙasa.

— A'a Inna, wannan surar bai taɓa haddace ta ba.

Inna ta ajiye mafici, ta ƙarasa bakin rumfa ta zauna tana share ido da gefen mayafi.

— Ɗana, ka yafe mini. Ci gaba, ina ji.

Saurinsa na da bai dawo duka ba, amma da aka buɗe lakol ya koma aji. Magani na taimakawa, amma mai ciwo ya fi bukatar wanda zai zauna da shi har ya tashi. Latifa ta zauna, kuma Allah bai bar haƙurinta ya tafi a banza ba.